Inda Na Ajiye Muryar Kakanmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar addu'ar bakwai ta kakanmu ba, duk da na yi ƙoƙarin in manta. Shekara huɗu ke nan, amma har yau idan na shiga zauren gidanmu na unguwar Zaitawa sai in ji wuyana ya yi nauyi, kamar yanzun nan aka gama kallona.

A lokacin ina aiki a wata ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta wajejen Ƙofar Na'isa. Watana takwas kacal da fara aikin, amma a gida an riga an ɗauke ni masani. Wayar wani ta ƙi kawo haske, ni za a nema. Rediyon Goggo ta yi shiru, ni za a nema. (Tsakani da Allah, rabin gyaran nawa kashewa ne in sake kunnawa. Sauran rabin kuma in ɗaure fuska in ce sai an kai kasuwa.) Na ji daɗin wannan matsayi ƙwarai, har tafiyata ta canja.

Mai kula da na'urorin cibiyar tamu wata baiwar Allah ce, Malama Rabi. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta son maimaita abu. A makona na farko ta tsayar da ni gaban allo ta zana mini yadda foldoji suke a jere a cikin kwamfutocinmu. Ta nuna wasu ta ce na kwamfutar ne ita kanta, kada hannuna ya kai can. Ta nuna wata mai suna opt, ta ce duk manhajar da aka ɗauko daga waje nan ne mazauninta, kuma sai da lambar sirrinta ake saka abu a ciki. Ta nuna home, ta ce nan kowa ke ajiye kayansa. Daga ƙarshe ta buga alli a kan wata mai suna tmp.

"Wannan ta wucin gadi ce," in ji ta. "Kowa yana iya zuba abu a ciki, ba ta tambayar izini. Amma duk ranar da aka kashe kwamfutar aka kunna, sharewa take yi tas. Ka ji?"

Na ce na ji. Har na rubuta a littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Ina faɗin wannan ne don kada mai karatu ya tausaya mini ya ce rashin sani ne. Na sani.

Kakanmu kuwa, Malam Babba muke ce masa. Yana yaro ƙarami mahaifinsa ya sayar da shanun da suka rage masa ya shigo birni da iyalinsa, shi kuma ya tashi ya zama mai sayar da fata a Ƙofar Wambai, da yamma yana ba da karatu a zaure. A shekarar da nake ba ku labari jiki ya ƙi, ya daina fita ko masallaci. 'Yarsa Goggo Hajara ce ke jinyarsa. Wata rana na shiga gaishe shi, ina fitowa ta tare ni a tsakar gida.

"Kai da kake da na'ura," ta ce, "ka zo ka ɗauki maganar tsohon nan mana. Kwana biyun nan ba ya zancen kowa sai na mutanen da. Sunayen da yake kira ni kaina ban san rabinsu ba. In ya tafi da su, shi ke nan."

Na ce ta bar komai a hannuna. Da wannan bakin nawa na faɗa.

Washegari na ɗauko laftof ɗin ofis wadda nake aiki da ita, na sauko da wata manhajar naɗar murya daga intanet. Irin wadda ke zuwa a ƙunshe ce: ka kwance ta a duk foldar da ka ga dama, ta fara aiki, kuma duk abin da ta naɗa a gefenta take ajiyewa, cikin foldar da take zaune. Saura in zaɓa mata wuri.

Na san opt ne wurinta. To amma sai na je wurin Malama Rabi, in roƙe ta lambar sirri, ta tambaye ni manhajar mene ce, in ce ai gida zan riƙa tafiya da laftof ɗin ofis. Ƙila ma da ta yarda. Abin da ya hana ni shi ne ban so ta ga ina tambaya. Sai na leƙa home, na tarar ta cika maƙil. (Da me ta cika? Da bidiyoyin wasan ƙwallo da na riga na kalla, na kuma san sakamakonsu, amma raina bai ba ni in goge ba.) Sai idona ya faɗa kan tmp. Ga fili, ga ƙofa a buɗe, ba mai tambayata. Na ce wa kaina gwaji ne kawai, in ta yi aiki gobe sai in matsar da ita. Na kwance ta a nan, na jona makirufo, na ce "gwaji, gwaji, ɗaya, biyu," ta amsa rau. Na rufe murfin laftof ɗin na saka a jaka.

Goben nan ba ta zo ba. Ni ba mai kashe kwamfuta ba ne, rufe murfi kawai nake yi in sa ta a caji. Kullum na buɗe zan tarar da manhajar tana nan a buɗe tana jirana. Cikin kwana biyu na manta ma da inda take zaune.

Kwana tara muka yi muna naɗa, kullum bayan la'asar. Goggo za ta jingina Malam Babba da matashi biyu, ni kuma in zauna a tabarma in kara masa makirufo. Ranar farko ya daɗe yana kallon abin.

"Wannan yana jin Fillanci?" ya tambaye ni.

"Yana ji, Malam."

"To ya fi ka," in ji shi.

Daga nan ya kama. Ya kira sunan ubansa da na kakansa, ya haura har mutum bakwai. Ya faɗi hanyar da suka biyo da shanu, da rijiyar da suka yada zango, da sunan saniyar ƙarshe da aka sayar, wadda ya ce ya bi ta da kuka har bakin kasuwa. Ya faɗi wanda ya fara ba su masauki a unguwa, da dalilin da ya sa har yau muke kai wa gidansu naman layya. Wani lokaci ya yi Hausa, wani lokaci ya zarce da Fillanci, Goggo tana gyaɗa kai tana share ido. Ni kuwa mafi yawan lokaci hankalina yana kan koren layin nan da ke hawa da sauka a fuskar laftof, ina duba ko sauti ya yi ƙasa. Na ce a raina ba sai na saurara sosai ba, ai na'ura tana ji.

Akwai mutum ɗaya da bai taɓa shiga zancen ba, shi ne ɗansa na fari, Baffa Usman. Tun kafin a haife ni suka ɓata. Malam Babba ya so ya gaje shi a karatun zaure, shi kuma ya bar karatun ya bi manyan motoci. An yi musayar magana a gaban ɗalibai, har tsohon ya ce kada ya sake taka masa zaure. Baffa Usman ya tafi Fatakwal ya zauna. Yakan aiko da saƙo ta hannun Goggo, amma ƙafarsa ba ta sake shiga gidan ba. Sannan a al'adar gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, kunya ce. Ko kafin ɓatawar, "babban yaron nan" yake ce masa. Wato Baffa Usman tun da ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba.

A rana ta tara, muna cikin naɗa, Malam Babba ya ce wa Goggo ta je ta dama masa kunu. Tana fita ya yafuto ni.

"Abin nan yana kunne?"

"Yana kunne, Malam."

"Matso da shi."

Ya yi magana da ɗansa kamar yana zaune a gabansa. Bai fi minti uku ba. Wannan karon ban kalli koren layi ba, don tun kalmar farko hankalina ya koma kansa. Da ya gama ya kama hannuna.

"Wannan nasa ne. Kada kowa ya ji sai ya zo. Ka ajiye masa a wuri mai kyau."

"Yana wuri mai kyau, Malam," na ce.

Bayan kwana biyu Allah ya karɓi ransa, da hantsi. Allah ya jiƙansa. Aka shiga hidimar jana'iza da zaman makoki, laftof tana cikin jaka, nakan fito da ita ne kawai in sa mata caji. Baffa Usman ya iso a rana ta biyar, dattijo mai furfura, dogo, da tafiyar Malam Babba sak. Bai shiga ta zaure ba, ta ƙofar baya ya shigo. Na gaya wa Goggo akwai saƙonsa a wurina, ita kuma ta gaya masa. Ya aiko aka kira ni.

"An ce Baba ya bar mini magana."

"Ya bari, Baffa. In kana so yanzu ma sai in kunna maka."

Ya ce a'a. A zaure aka kore shi, a gaban mutane. Ko me tsohon ya faɗa, alheri ne ko akasinsa, a zauren nan yake so ya ji shi, a gaban 'yan'uwansa, ranar bakwai bayan an shafa addu'a. (Da ya ce in kunna a lokacin, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Na sha juya wannan a raina.)

Ranar bakwai zaure ya cika. Ƙannen Baffa, limamin unguwa, tsofaffin ɗaliban Malam Babba, abokan kasuwarsa daga Ƙofar Wambai. Mata suna daga ciki, bayan ƙofa. Baffa Usman ya tsaya a bakin zauren ya cire takalmi, ya ɗan jima a tsaye, sannan ya shigo ya zauna kusa da liman. Aka yi addu'a aka shafa. Liman ya ce marigayi ya bar amana a hannun jikansa, a saurara.

Na miƙe da farar shaddata. Na ajiye laftof a kan ƙaramin teburi, na jona ta da lasifikar da aka aro, na danna. Shiru. Ina ganin koren layin yana motsi, alamar muryar tana tafiya, amma ba abin da ke fita. Na zare wayar na mayar. Shiru. Na murɗa nan na murɗa can. Wani ya yi tari. Wani dattijo ya ce ko wuta ce babu. Da na zare wayar gaba ɗaya na bar laftof ɗin ta yi magana da bakinta, da an ji, ko da ƙasa-ƙasa ne. Amma ina so a ji da ƙarfi, ina so a san na iya. Sai na ɗaga kai na yi murmushi, na ce da babbar murya:

"Ba komai, ƙaramin abu ne. Bari in kashe ta in kunna."

Na danna. Fuskar ta yi baƙi.

A cikin wannan baƙin ne na ga allon Malama Rabi, na ji ƙarar allinta. Wallahi har layi biyun da na ja a littafina sai da na gani. Na sa hannu na riƙe laftof ɗin kamar zan hana ta tashi. Ta tashi abinta, cikin natsuwa, har da ɗan sautin gaisuwarta, wanda ya fito ta lasifikar da ƙarfi ya cika zauren. Wani ya ce, "Yawwa, ta gyaru."

Na buɗe tmp. Babu manhaja, babu foldarta, babu kwana tara.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi ba ni kunya. Ban faɗa ba. Na ci gaba da danne-danne, ina buɗe foldojin da na san ba komai a ciki, ina ɗaure fuska irin ta mai aiki. Na buɗe home ma, ga bidiyoyin ƙwallona nan lafiya lau, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ban san minti nawa na ɗauka a haka ba. Zauren ya yi tsit, har ina jin kukan akuyar maƙwabta.

"Ɗana," in ji Baffa Usman a hankali. "Akwai matsala ne?"

Na ce, "Baffa, ta goge."

"Me ya goge?"

"Duka. A wurin da bai dace ba na ajiye. Wurin wucin gadi ne, in an kashe na'urar sharewa yake yi. Na sani, an gaya mini. Laifina ne."

Aka ɗauki salati. Daga bayan ƙofa na ji muryar Goggo ta kira sunana sau ɗaya. Wani daga cikin ƙannen Baffa ya fara faɗa, liman ya ɗaga masa hannu. Ni dai ina tsaye, idona a kan tabarma.

Baffa Usman bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Lokacin da ya yi maganar, kana wurin?"

"Ina wurin."

"Da kunnenka ka ji?"

"Da kunnena."

"To rufe abin nan. Zo ka zauna a nan. Faɗa mini yadda ya faɗa. Kada ka ƙara, kada ka gyara masa."

Na durƙusa a gabansa. Maganar tana nan a kaina, ita kaɗai ce a cikin kwana taran nan na saurara da gaske. Na ce ya ce: "Ni ne. Abin da na faɗa maka a zaure zafin rai ne, kuma na daɗe da sanin haka, girman kai ne ya hana ni aikawa. Sana'arka halal ce. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Gidan ubanka ne, ka shigo ta gaba."

Ya saurara kansa a ƙasa. Da na yi shiru ya ce, "Da wa ya ce yake? Babban yaron nan?"

"A'a, Baffa. Sunanka ya kira. Sau biyu, a farko da a ƙarshe."

Ya ɗago ya kalle ni. "Yaya ya faɗa?"

Na ce, "Usumanu."

Ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe fuska. Kafaɗunsa suka riƙa girgiza. A nan na gane girman abin da na ɓatar. Yafiyar ta isa gare shi, na kawo ta. Amma mutumin nan ya haura sittin yana jiran ya ji sunansa da muryar mahaifinsa, an naɗa masa, an ba ni ajiya, ga shi yana jin sa da muryata, muryar wanda ya ƙi goge wasan ƙwallo.

Washegari da safe na kai wa Malama Rabi laftof ɗin na faɗa mata komai, har ɗaukar ta gida ba izini. Na shirya wa faɗa, har na so ta yi, ko na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ce kada in sake taɓa na'urar, ta karɓa ta shige da ita. Kwana biyu tana fama da ita da manhajojin tono abin da aka goge. A rana ta uku ta kira ni ta miƙo mini abin sawa a kunne.

"Abin da na iya samowa ke nan," ta ce.

Na saka. Sai na ji wata murya cike da jin kai tana cewa, "Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu." Shi ke nan. Daga cikin duk abin da aka naɗa, ni kaɗai na tsira.

Malama Rabi ta karɓi abinta ta naɗe wayar. Ta ce, "Da ka tambaye ni, minti biyu ne. Da na buɗe maka opt, na ware maka wurin ajiya daban, na kuma ce ka kwafa a wani wuri kullum. Ni ma ina da kaka." Wannan ce doguwar maganar da ta taɓa yi mini.

Tarihin gidan kuwa, ni da Goggo muka zauna da biro da takarda muka tattara abin da muka iya tunawa. Mafi yawa daga kanta ya fito, ni ba abin da na kawo sai sunan saniya. A cikin kakanni bakwai mun samu biyar. Biyun har yau ana gardama a kansu, kuma duk lokacin da gardamar ta tashi nakan tuna ina da wani aiki a waje.

Abin da na koya ba mai zurfi ba ne. Idan manhaja ta tambaye ka inda za ta zauna, tambayar gaske ce, ka tsaya ka amsa. Kuma abin da ka ce na wucin gadi ne, in ba ka matsar da shi yau ba, a nan zai zauna har ranar da za a share. Yanzu ɗalibaina suna yi mini dariya, wai nakan yi minti goma ina zaɓar folda kamar mai zaɓar fili.

Baffa Usman ya yi mako biyu a gida kafin ya koma, kuma ni na raka shi tasha. Duk hanya bai tayar da zancen ba. Sai da ya sa ƙafa ɗaya a mota ya juyo ya dafa kafaɗata.

"In tawa ta zo, zan aiko a kira ka," ya ce. "Amma ka bar na'urar a ofis. Ka zo da kunnenka kawai."